Macen Da Arzikinta Ya Karye Za Ta Sake Mallakar Gida? Ga Yadda Abin Yake A Amurka

Yau za mu ɗan yi nisan kiwo, mu leƙa ƙasar Amurka, mu duba wata matsala da ke hana mata da yawa barci a can. Watau yadda macen da arzikinta ya karye, har kotu ta shiga tsakaninta da masu bin ta bashi, za ta sake samun rancen sayen gida. Kada ki ce ina ruwanki. In ba ke ce ke zaune a can ba, wataƙila kina da 'ya ko ƙanwa wadda aure ko karatu ya kai, domin kuwa akwai Hausawa a unguwar Bronx ta birnin New York da waɗansu garuruwa, daga Nijeriya da Nijar da zangunan Ghana. Irin wannan magana ba kowa ke iya faɗa wa na gida ba, saboda kunya. Sai mace ta yi shekaru tana aiko da hotuna tana murmushi, alhali cikinta ya ɗuri ruwa.

Da farko ki sani, a Amurka ba kasafai ake sayen fili a yi ta aza bulo sannu a hankali ba. Yawancin mutane banki ne ke biya musu kuɗin gida, gidan ya zama jingina a hannunsa, su kuma su riƙa biya wata-wata har shekara 30, waɗansu shekara 15. To, banki ba ya ba da irin wannan kuɗi sai ya san halinki wajen biyan bashi. Ba kuma maƙwabta yake tambaya ba. Akwai manyan kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda aikinsu ke nan, ajiye tarihin bashin kowa: me kika ci, yaushe kika biya, sau nawa kika makara. Daga wannan tarihi ake fitar miki da maki. Wanda aka fi aiki da shi ana ce masa FICO, yana farawa daga 300 ya ƙare a 850. Da wannan maki ake auna ki tun ba a ga fuskarki ba.

Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Amma wani lokaci yakan fi ƙarfin mai shi. Mutane sukan ɗauka almubazzaranci ne ke kai mace kotun karayar arziki, sai dai binciken Elizabeth Warren, wadda ta koyar da aikin lauya a Jami'ar Harvard kafin ta zama sanata a 2013, ya nuna ba haka ba ne. A littafin da ta rubuta tare da 'yarta a 2003 ta nuna cewa abubuwa uku ne ke durƙusar da mafi yawan iyalai masu yara: rasa aiki, da rashin lafiya, da mutuwar aure. Duba su da kyau, 'yar'uwa. Wanne ne a ciki mace ke zaɓa wa kanta? Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 kuwa abin ya yi tsanani, har a 2010 kaɗai mutum wajen miliyan ɗaya da rabi suka kai kansu gaban wannan kotu.

Dokar ƙasar ta buɗe wa talaka ƙofa biyu, kuma ana kiransu da lambar babinsu a cikin kundin dokar. A Babi na 7, kotu takan naɗa wakili ya duba abin da kika mallaka, ya sayar da wanda doka ba ta keɓe miki ba, ya raba wa masu bin bashi, sa'an nan a yafe miki sauran. Cikin wata huɗu zuwa shida an gama. Tun gyaran dokar da aka yi a 2005, sai an auna abin da kike samu kafin a bar ki ki bi ta wannan ƙofa. A Babi na 13 kuwa ba a sayar da kayanki, sai dai a tsara miki biya kashi-kashi na shekara uku zuwa biyar, ta hannun wakilin kotu. Kada kuma ki zaci komai ake yafewa. Kuɗin ciyar da yara, da harajin da bai daɗe ba, da yawancin bashin karatu, suna nan suna jiranki.

Tabon yakan daɗe. Babi na 7 yana zama a tarihinki shekara goma, Babi na 13 kuwa shekara bakwai. A nan ne mata da yawa ke yin kuskure, su ɗauka ba su ba gida sai wannan tabo ya goge. Ba haka ba ne ko kusa. Jiran da ake nema daga gare ki bai kai rabin haka ba, kuma ya danganta da irin rancen da kike nema.

Mafi sauƙi shi ne rancen da wata hukumar gwamnati mai suna FHA ke tsaya wa. An kafa ta a 1934, lokacin da fatara ta mamaye ƙasar. Ita ba ta ba da kuɗi, banki ne ke bayarwa, ita kuma ta lamunce masa cewa in kika kasa biya ba zai yi asara ba. A wurinta, shekara biyu ce kawai bayan Babi na 7. In Babi na 13 kike bi, ba sai kin gama ba ma: in kin yi wata 12 kina biya ba makara, kotu kuma ta ba ki izini a rubuce, kina iya nema. Kafin alƙalamin da take so ba shi da yawa, kashi uku da rabi cikin ɗari na kuɗin gidan in makinki ya kai 580, ko kashi goma in yana tsakanin 500 da 579. Sai dai ga wani abu da ya shafi baƙi: tun watan Mayu na 2025 hukumar ta daina tsaya wa wanda ba shi da takardar zama na dindindin. Mai wannan takarda da ɗan ƙasa su ne suka rage a ciki.

Wadda ta yi aikin soja, ko mijinta ya rasu a bakin aikin soja, tana da nata rancen a ƙarƙashin ma'aikatar tsofaffin sojoji. Shi ma shekara biyu ne, ba a kuma tilasta kafin alƙalami. Ma'aikatar aikin gona tana da na gidajen karkara, jiransa shekara uku.

Sai rancen gama-gari, wanda gwamnati ba ta lamunce ba. Yawancinsa ana yin sa ne bisa ƙa'idodin kamfanoni biyu, Fannie Mae da Freddie Mac, domin su ne ke sayen bashin daga hannun bankuna. A ƙa'idar Fannie Mae jiran shekara huɗu ne bayan Babi na 7. Bayan Babi na 13 kuwa shekara biyu ne in kin kammala biya, amma shekara huɗu in kotu ta kori shari'ar saboda kin kasa cika alkawari. Wadda ta shiga kotun fiye da sau ɗaya cikin shekara bakwai, sai ta jira biyar. In kuma banki ya taɓa ƙwace miki gida, wannan wani lissafi ne daban, mai tsawo: shekara uku a FHA, shekara bakwai a Fannie Mae. Amma in bashin gidan yana cikin abin da kotu ta yafe, kuma kina da takardar shaida, Fannie Mae tana iya yi miki lissafi da shekara huɗun nan.

To, daga yaushe ake fara ƙirga? Ki riƙe wannan da kyau, don a nan ake yawan tuntuɓe. Ba daga ranar da kika shigar da takarda ba ne, daga ranar da alƙali ya sa hannu a takardar yafe bashi ne. Wannan takarda ki adana ta kamar yadda kike adana sarƙarki ta zinariya, tare da jerin sunayen waɗanda aka yafe bashinsu. Duk bankin da kika je sai ya tambaye ki ita, ko da an yi shekara shida.

Ana iya rage jiran in kin nuna cewa ƙaddara ce ta faɗo miki, ba sakaci ba. FHA takan sauko zuwa wata 12, Fannie Mae zuwa shekara biyu. Amma faɗi da baki ba ya isa, sai da takardun asibiti, ko takardar sallama daga aiki, ko ta rasuwar mai ciyar da gida. Wani abin da ya ba ni haushi a nan shi ne, FHA ba ta ɗaukar saki a matsayin irin wannan ƙaddara, alhali kuwa ba abin da ke karya mace dare ɗaya kamar mutuwar aure. Fannie Mae ta fi sassauci, domin takan karɓi takardar saki cikin shaidun da ake kawowa. Ki kuma sani waɗannan duk mafi ƙarancin sharuɗɗa ne. Kowane banki yana da ikon ƙara nasa a kai, shi ya sa in wannan ya ƙi ki, bai zama na gaba ma zai ƙi ba.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi muhimmanci a ganina. Shekara biyun nan ko huɗu ba na naɗe hannu ba ne. Akwai wadda za ta jira har wa'adi ya cika, ta je banki, a ce mata babu, domin ba ta da wani sabon tarihi da za a duba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka mace kan rantse ba ita ba bashi har abada, ta koma sayen komai da kuɗi hannu. Ban ga laifinta ba. Sai dai tsarin nasu ba ya ganin kuɗin hannu, abin da aka rubuta kawai yake gani.

Abu na farko, ki nemi tarihinki daga kamfanonin nan uku. Kyauta ne, kuma tun 2023 an tabbatar da cewa kina iya dubawa ko kowane mako. Ki bi shi layi-layi. Duk bashin da kotu ta yafe dole ya nuna ba a bin ki ko sisi. Sau da yawa za ki tarar da wani tsohon bashi yana nan kamar ba a yi shari'a ba, yana ta cin makinki a ɓoye. Ki rubuta musu, ki haɗa da kwafin takardar kotu. Doka ta ba su kwana 30 su bincika, su gyara abin da ba daidai ba.

Sa'an nan ki nemi katin bashi irin na jingina. Yadda yake shi ne, za ki ajiye wa banki kamar dala 300, shi kuma ya ba ki kati mai iyakar dala 300. Ki riƙa sayen ɗan abu da shi, kamar man mota, ki biya duka kafin ranar biya ta wuce. In kin biya duka a kan lokaci ba kuɗin ruwan da zai hau kanki. Kada ki cika shi, ki tsaya ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na iyakarsa, in ya fi haka ƙanƙanta ma ya fi. Dalili kuwa shi ne, a lissafin FICO biya a kan lokaci shi ke da kashi 35 cikin ɗari na maki, yawan abin da ake bin ki kuma kashi 30. Kin ga waɗannan biyu sun kwashe kusan kashi biyu cikin uku. Makara ɗaya tak ta kwana 30 bayan an fito daga kotu tana iya rushe aikin shekara guda, domin banki zai ce hali ne, ba ƙaddara ba.

Kuɗin haya ma kada ki miƙa shi hannu da hannu. Ki biya ta banki, yadda za ki iya nuna wata 12 a jere ba fashi. Ki daure ki zauna a kan aiki, don sukan so ganin tarihin shekara biyu. Mai kitso ko ɗinki ko sayar da abinci, wadda ke aikin kanta, ta lura: abin da kika bayyana a takardar haraji shi kaɗai za a ƙirga miki. In kin ɓoye ciniki don gudun haraji, ranar neman gida za ki ga kin cuci kanki. Za kuma a haɗa duk abin da kike biya na bashi a wata, har da na sabon gidan, a gwada da abin da kike samu. Kashi 43 cikin ɗari shi ne ma'aunin da aka saba ambata. Saboda haka wannan ba lokacin ɗaukar sabuwar mota bashi ba ne. Wadda ke da bashin karatu na gwamnati da ta daina biya kuma, ta daidaita shi tukuna, don FHA ba ta tsaya wa wanda gwamnati ke bi ya ƙi biya.

Ina batun adashi? Matanmu duk inda suka je da shi suke tafiya, kuma hanya ce mai kyau ta tara kafin alƙalami. Matsalar ita ce banki zai duba takardun ajiyarki na wata biyu, in ya ga dala dubu biyar sun faɗo rana ɗaya sai ya tambayi asalinsu. Abin daɗi, ƙa'idodin FHA sun san da irin wannan ƙungiyar tara kuɗi, sun kuma yarda da ita in akwai shaida. Don haka ki roƙi uwar adashi ta riƙa rubutawa: yaushe aka fara, su wa ke ciki, nawa ake zubi, yaushe kika kwasa. Ke ma ki riƙa zubi ta banki. In ɗan'uwa ne ya taimaka miki, sai ya rubuta takarda cewa kyauta ce, ba rance ba.

Bari in taɓo maganar maigida, don tana da sarƙaƙiya. In shi kaɗai ya shiga kotun, ba a rubuta karayar a tarihinki. Amma duk bashin da kuka sa hannu tare, in an yafe masa a Babi na 7, kanki zai dawo gaba ɗaya. Haka nan in aure ya mutu, alƙali ya ce tsohon miji ne zai biya wani bashin da ke ɗauke da sunanku ku biyu, wannan hukunci bai ɗaure banki ba. In bai biya ba, ke za a nema, makinki ne zai zube. In za ku nemi rancen FHA tare, makin wanda ya fi rauni a cikinku shi za a ɗauka. Shi ya sa wani lokaci ya fi kyau mai tsabtataccen tarihi ya nema shi kaɗai, in albashinsa zai ɗauka. Sai dai a jihohi tara, ciki har da Texas da California, inda doka ke ɗaukar dukiyar ma'aurata a matsayin ta tarayya, FHA takan ƙirga bashin abokin zama ko da sunansa ba ya cikin takardar.

Wannan dama ta mace ta nemi rance da sunanta ba tsohuwa ba ce. Kafin 1974 banki a Amurka yana iya ce wa mace sai ta zo da miji ko uba ya sa mata hannu, yana iya ƙin ƙirga albashin matar aure wai don za ta haihu ta bar aiki. A shekarar ce aka yi dokar da ta hana nuna bambanci wajen ba da bashi saboda mutum mace ce, ko saboda aure ko rashinsa. Wata 'yar majalisa mai suna Lindy Boggs, wadda ta hau kujerar mijinta bayan jirginsa ya ɓace a Alaska a 1972, tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan wannan. A 1976 aka ƙara launin fata da addini da asalin ƙasa da shekaru. Yau ba mai ikon tambayarki ko kina da niyyar haihuwa. Kuɗin ciyar da yara da tsohon miji ke biya kuma, in kin so a ƙirga miki shi cikin abin da kike samu za a ƙirga, muddin yana zuwa a kai a kai kuma zai ci gaba aƙalla shekara uku.

Amma fa don wa'adi ya cika ba shi ne a ruga ba. Mai ƙaramin maki ruwan da ake ɗora mata ya fi yawa. Ga misali: rancen dala 200,000 na shekara 30, in ruwansa kashi shida da rabi ne, za ki riƙa biyan wajen dala 1,264 a wata. In kashi bakwai da rabi ne, sai ya koma dala 1,398. Bambancin dala 134 kamar ba komai ba, amma kafin a gama ya haura dala 48,000. Rancen FHA kuma yana da kuɗin inshora, kashi 1.75 cikin ɗari tun farko, da wani da ake biya kowane wata, wanda ba ya faɗuwa har ƙarshen bashin in kafin alƙalaminki bai kai kashi goma ba. Sau da yawa ƙarin haƙurin shekara guda, a ɗaga maki a ƙara tari, ya fi riba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san da yawa cikinmu maganar kuɗin ruwa ce ma ke damunsu tun farko. Akwai kamfanoni a can da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci, irin su Guidance Residential da ya fara aiki a 2002, inda ku sayi gidan tare da kamfani, ki riƙa sayen rabonsa kaɗan-kaɗan kina biyan kuɗin amfani da sauran. Sai dai su ma sukan duba tarihin bashi da maki, su ma suna da wa'adin jira bayan karayar arziki. Duk aikin da muka lissafa a sama bai faɗi ba.

Ki yi hattara da 'yan damfara. Da zarar sunanki ya fita daga kotu, wasiƙu za su yi ta zuwa, wannan ya ce zai goge miki tabo cikin wata guda, wancan ya ce zai ba ki rance yau-yau. Ba mai iya goge abin da yake gaskiya kafin lokacinsa, kuma tun 1996 doka ta hana masu gyaran tarihin bashi karɓar kuɗi kafin su yi aiki. In shawara kike so, akwai masu ba da shawara kan gidaje waɗanda ma'aikatar gidaje ta ƙasar ta amince da su, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Su za su gaya miki ƙa'idar da ake kai a ranar, don akan yi mata gyara lokaci-lokaci.

Ranar da kika shirya, ki tafi da takardar kotu, da takardun albashi, da na haraji na shekara biyu, da wata gajeriyar wasiƙa da kika rubuta da kanki: me ya faru, yaushe, me ya sa ba zai sake faruwa ba. Kada ki ɓoye komai, a takardar nema ma akwai wurin da ake tambaya, kuma ƙarya a nan laifi ne babba. Ki tambayi banki uku ko huɗu cikin mako biyu, don in a tare aka yi, lissafin maki yana ɗaukarsu kamar tambaya ɗaya. Kowannensu dole ya ba ki takardar ƙiyasin kuɗi cikin kwana uku na aiki, sai ki jera su ki gwada. In an ƙi ki, dole a sanar da ke cikin kwana 30, kuma kina da haƙƙin a gaya miki dalili, sai ki san inda za ki gyara.

In kuwa an amince, to saura ƙiris, amma a nan ma akan yi ɓari. Ɗoki yakan sa uwargida ta wuce kanti ta ɗauko gado da kujeru da firji bashi, don ta tare da sababbin kaya. Banki yakan sake duba tarihinki dab da ranar sa hannu, in ya ga sabon bashi yana iya janyewa. Ki bar kayan ɗaki a kanti tukuna, sai mabuɗi ya shiga hannunki.